Ƙuri'a a Tukunyar Yaya Habu

Da kuka dawo daga bikin gidan Gwaggo Lami, Khalifa ya same ni a ɗakin karatu ya ce an gaya masa a can wai ni na tumɓuke Kawunku Habu daga shugabancin ƙungiyar ɗalibai a Malesiya, don hassada, alhali shi ya riƙe ni. Ban ba shi amsa ba a ranar. Bakina bai taɓa yi mini aiki yadda nake so ba, abin da zan rubuta a tsanake idan aka ce in faɗa sai in yi ta kame-kame. Shi ya sa na ware wannan babin domin shekarar nan, in rubuta muku abin da ya faru iya inda nake da ikon faɗa. Rabin abin da aka gaya masa gaskiya ne. Kawunku ya riƙe ni, irin riƙon da ba kowane ɗan'uwa na jini zai yi ba.

Shi ya tarbe mu a filin jirgi, ni da mahaifiyarku Hauwa, muna sabbin aure, ina rungume da jakar takarduna kamar wani zai ƙwace. Ya riga mu zuwa Kuala Lumpur da shekaru yana digirinsa na uku a fannin injiniya, a gida kuma shugaban sashe ne a wata kwaleji. Ya samo mana gida a benen da yake zaune a unguwar Taman Melati, shi a hawa na huɗu, mu a na tara. Tagarmu tana kallon wasu duwatsu masu duhun itatuwa, hadari yana sauka a kansu kusan kullum bayan La'asar. Har yau idan aka yi ruwan yamma mai ƙarfi ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen simintin barandar nan, da ƙarar jirgin cikin gari yana wucewa a kan gadarsa, da kiran sallar masallacin unguwa da wata irin murya mai taushi wadda ba mu saba da ita ba. Yaya Habu mutum ne mai murya, dariyarsa tun daga ciki take tasowa. Iyalinsa suna gida, don haka shi ke dafa wa kansa, kuma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci falonsa yakan cika. Da kansa yake zuwa kasuwar Chow Kit ya samo kuka da daddawa a wurin wani ɗan kasuwarmu, ya tuƙa tuwo da hannunsa, gumi na zuba, yana yi wa kowa tsiya. 'Yan Kano da 'yan Katsina, Kiristocin Kaduna da Filato, duk a tabarma ɗaya ake ci. Wanda takardun zamansa suka maƙale, wanda mai gida ya tasa a gaba, wanda matarsa ta fara naƙuda, lambar Ciyaman ake kira. Da yamma yakan ja ni zuwa mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke bakin titi, ya ƙi yi mini odar shayi sai na yi da bakina, yana kwaikwayon "lah" ɗin da mutanen ƙasar ke liƙa wa maganarsu.

"Buɗe baki lah, Isiyaku. Ba cinye ka za su yi ba, kai ka zo cin nasu."

Ni kimiyyar siyasa ta kai ni, kuma abin da na zaɓa in bincika ya zama abin dariya a falon nan: yadda ƙasar Japan take shigar da talakawa cikin shari'a. A can, idan laifi babba ne, ba alƙalai kaɗai ke zama ba. Ana fitar da mutum shida ta hanyar ƙuri'a daga cikin masu zaɓe, mai shago ne ko malamar makaranta ko direba, su hau kujera tare da alƙalai uku, su saurari shaidu, su yanke hukunci tare. Abin da ya kama ni shi ne mutanen da aka sani da kawaici da gudun magana a bainar jama'a su ne aka ce su zo su zauna su faɗi ra'ayinsu a kan ran wani. Ina jin kaina na gani a cikinsu. Yaya Habu ya laƙaba mini Alƙalin Japan, sunan ya bi ni har wasu ba su san na yanka ba.

"Ka bar Funtuwa, ka zo Malesiya, don ka karanci Japan. Alƙali, anya ba ɓatan hanya ka yi ba?"

Duk da tsiyar, shi ya fi kowa murna da na samu damar tafiya can in zauna a kotunansu na wasu watanni. Ya je gwanjo ya sayo mini rigar sanyi wadda ta kusa taɓo gwiwata. Ana saura kaɗan in tashi korona ta zo, ƙasashe suka rufe ƙofofinsu, tafiyar ta mutu. Malamin da ke duba aikina ya haɗa ni da wani tsohon malamin makaranta a Japan wanda ƙuri'a ta taɓa faɗawa kansa, muka riƙa magana ta kiran bidiyo, wata ɗaliba tana yi mana tafinta. Tsohon bai ɓoye mini komai ba game da tsoron da ya ji, da tsayin kujerar, da yadda ake kiransu da lamba a maimakon suna, har da abincin rana da ake kawo musu. Amma duk sanda na tambayi abin da aka faɗa a ɗakin shawara, wa ya karkata ina, nawa suka goyi bayan hukuncin, sai ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Doka ta hana su faɗa har ƙarshen rayuwa. Matarsa ma ba ta sani ba. A matsayina na mai neman abin rubutawa, abin ya ba ni haushi, na tambaye shi ko bai ga dokar ta yi tsauri ba. Ya ce ta yi tsauri ƙwarai, wani lokacin abin yana yi masa nauyi a ƙirji, amma da babu ita shi kansa da bai iya buɗe baki a ɗakin ba.

Dokar kulle a Malesiya ba ta wasa ba ce. Mutum ɗaya ke fita cefane daga kowane gida, 'yan sanda sun tare hanyoyi, masallatai a rufe. Tuwon Juma'a ya tsaya. Yaya Habu bai zauna ba. Ya bi masu hali a cikinmu da 'yan kasuwar Chow Kit, ya tara shinkafa da mai da taliya da ƙwai ya cika ɗakinsa na biyu. Duk mai bukata ya sauko ko ya hau zuwa hawa na huɗu, ya tsaya a ƙofa da takunkumi a fuska, Ciyaman ya tambaye shi bakuna nawa ne a gidansa, me ya rage, yaushe ya karɓa na baya, sannan ya auna masa. Ba don wulaƙanci yake yi ba, so yake abin ya isa kowa. Sai dai ƙofar a buɗe take saboda iska, wasu na tsaye a layi a bayan mutum, kuma muryar Kawunku ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

A shekara ta biyu ta cutar, da wahala ta yi tsanani, mutanen ƙasar suka fito da wata dabara a tsakaninsu: gidan da abinci ya ƙare ya rataya farin ƙyalle a taga, maƙwabta su kawo abin da suke da shi, ba tambaya. Akwai wani ɗalibi a benenmu, Nazifi, yana digiri na biyu da kuɗin mahaifinsa, wanda kasuwarsa ta tsaya a gida. Yana da mata da yara ƙanana biyu. Wata safiya aka ga farin hijabin matarsa ɗaure a sandar mofa yana kaɗawa a tagarsu ta hawa na bakwai, ɓangaren da ke kallon titi. Kafin Azahar maƙwabta Malayawa da mai mamak ɗin nan sun tara masa shinkafa da madara a bakin ƙofa. Wani kuma ya ɗauki hoton tagar, hoton ya yi tafiya har Najeriya da rubutun cewa yunwa na kashe ɗalibanmu a Malesiya. Iyaye suka dinga kira suna kuka. Wasu manya a gida suka kira Ciyaman suka yi masa faɗa kamar yaro. Da yammar ya turo saƙon murya a guruf ɗin ƙungiya.

"Yaro ya ɗaura hijabin matarsa a sanda ya nuna wa duniya ba shi da kowa. Mu da ke nan gumaka ne? Ɗaki cike da shinkafa, hawa uku tsakaninmu. Ko dai ya fita daga ƙungiyar nan, ko ni in fita."

Cire mutum daga ƙungiya a wannan lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Babu rabon abinci, babu mai tsaya masa a gaban mai gida ko jami'a, kuma za a aika sunansa gida a matsayin wanda ya zubar da mutuncin jama'a. Guruf ya rabu biyu. Masu tallafin gwamnati galibi suna bayan Ciyaman, masu ɗaukar nauyin kansu suna bayan Nazifi, aka fara tono maganganun da ba su da alaƙa da hijabi ko shinkafa. Na rubuta wata shawara a wayata, ina gogewa ina sakewa. Mahaifiyarku tana kwance a tabarma da tsohon cikin Khalifa tana kallona.

"Malam, ko ka tura abin nan, ko ka ajiye wayar ka zo ka yanka mini albasa."

"Wata kalma nake dubawa."

"Tun jiya kake duba kalmar nan. Kawo in gani."

Ta karanta har ƙarshe, ta danna ta tura guruf, ta miƙo mini wayar.

"Na taya ka."

Abin da na rubuta shi ne kada shugabanni su yanke, kada kuma a bar wa guruf. A fitar da mutum shida ta ƙuri'a daga cikin dukkan 'yan ƙungiya. Barista Rifkatu, wata lauya 'yar Filato da ke digirinta na uku, ta jagoranci zaman ba tare da ta sa baki a hukunci ba. A saurari kowane ɓangare a gaban kowa. Sannan mutum shidan su keɓe, kowa ya rantse da littafin addininsa cewa ba zai taɓa faɗin wa ya ce me ba, ko nawa suka goyi bayan me, har abada. Hukunci ya fito da murya ɗaya. Da saƙon ya tafi na zauna ina jiran a yi mini dariya. An yi dariyar, amma mutane sun gaji da zagin juna, kuma Yaya Habu ne ya fara amsawa.

"A yi ta Japan ɗin. Mu ga ko karatun Alƙali yana ci."

Ranar ƙuri'a kowa ya hau kiran bidiyo daga ɗakinsa. An rubuta sunaye a 'yan takardu an nannaɗe, Yaya Habu ya zuba su a tukunyarsa ta dafa shinkafa ta lantarki, ya rufe, ya girgiza a gaban kyamara, ya kau da kai yana zarowa ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin sunayen da suka fito ƙananan malamai ne a kwalejinsa, a sashen da yake shugabanta. Na ga yadda fuskokinsu suka canja a cikin 'yan akwatunan allon. Da ya warware ta ƙarshe sai ya fashe da dariya har kyamarar tana rawa.

"To, ga mai abin da kansa. Isiyaku."

Na ɗaga hannu na ce a ƙa'ida ɗan'uwan wanda abin ya shafa ba ya zama, kuma matata ƙanwar Ciyaman ce.

"Ba ni ke ƙara ba, ƙungiya ce," in ji shi. "Kuma in za a cire duk mai dangantaka da ni a garin nan, sai dai ku ɗauko 'yan Bangaladash su yi muku shari'ar."

Na sake faɗa, aka sake dariya. Barista ta tambayi Nazifi ko yana da ja, ya ce ba shi da shi, ta yanke cewa in zauna. Da aka kashe kiran, mahaifiyarku ta dube ni ta ce da ta sani da albasar ta bar ni na yanka.

An yi zaman sauraro bayan Azahar. Yaya Habu ya yi magana mai kyau, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne: wahalar da ya sha wajen tara abincin, da uwayen da suka kira shi suna kuka, da yadda hoto ɗaya ya shafe aikin watanni. Nazifi kansa a ƙasa, bai ce komai ba illa a yi haƙuri. Barista ta ba mu dama mu yi tambaya. Akwai abu ɗaya da ban gane ba a cikin labarin, kuma ni idan ban gane abu ba ba na iya wuce shi. Na buɗe makirfona.

"Malam Nazifi, kafin ka rataya, ka nemi ƙungiya?"

Ya ɗago kai.

"Na sauko," ya ce. "Na zo har bakin lif na hawa na huɗu. Na ji Ciyaman yana tambayar wani me ya yi da wadda aka ba shi wancan makon. Akwai mutane a layi, har da wanda muke aji ɗaya. Sai na koma sama. Washegari ma na sauko na koma. Ita tagar ba ta tambaya."

Na dubi akwatin Yaya Habu a allon, na ga ba Nazifi yake kallo ba. Allah ya sani ban san amsar da za ta fito ba lokacin da na yi tambayar, amma na san yadda abin ya bayyana daga hawa na huɗu.

Daga nan Barista ta fitar da kowa ta bar mu shida, muka yi rantsuwa, kuma nan ne alƙalamina zai tsallake. Abin da zan iya gaya muku shi ne na ɗauki kujera na fita baranda na rufe ƙofa, na toshe kunnuwana da abin sauraro don kada mahaifiyarku ta ji, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har ƙafafun wandona suka jiƙe, kuma mun daɗe. Mutanen da ban taɓa jin muryarsu a tuwon Juma'a ba sun yi magana a ranar. Hukuncin da Barista ta karanta wa jama'a shi ne Nazifi bai yi laifin da za a cire shi ba. Rabon abinci kuma ya canja: mai bukata ya sanar da mutum ɗaya a asirce, a kai masa har ƙofa. Ƙungiya tana gode wa Ciyaman bisa ɗawainiyarsa, tana roƙonsa ya ci gaba da riƙe ta. Kafin Magariba ya rubuta layi ɗaya a guruf cewa ya sauka.

Ba a daɗe ba raɗe-raɗi ya fita cewa ba baki ɗaya muka yi ba, wai akwai wanda ya tsaya wa Ciyaman a ciki. Ba zan ce muku gaskiya ne ko ƙarya ba. Wata safiya ya kira ni ya ce in same shi a wurin ajiye motoci, inda iska ke shiga. Na tarar da shi jingine da ginshiƙi, takunkumi ya rufe masa rabin fuska, ya rame.

"Isiyaku, an ce ba baki ɗaya kuka yi ba."

"Yaya, ba zan iya cewa komai a kan wannan ba."

"Ban tambaye ka na kowa ba. Naka nake tambaya."

Mu shida ne kawai. Idan na faɗi nawa, saura biyar, kuma cikin biyar ɗin akwai biyu da takardun ƙarin girmansu za su bi ta teburinsa idan an koma gida. Ban taɓa zaton zai cuce su ba. Amma sun buɗe baki ne don an ce musu maganar ba za ta fita ba, kuma ni na ce musu. Ban iya shirya wannan bayanin a bakina ba, na tsaya ina kallon layin fentin da ke ƙasa.

"Nan ba Japan ba ce," ya ce. "Babu ɗan sandan da zai kama ka. Ni ne, Habu, wanda ya ɗauki ƙanwarsa ya ba ka."

"Na sani, Yaya."

"To?"

"Na yi rantsuwa."

"Rantsuwar da kai ka rubuta da hannunka."

"Shi ya sa, Yaya."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don ban taɓa jin Kawunku ya yi magana a hankali ba sai ranar.

"Shi ke nan. Koma sama, kar a ce mun taru."

Mahaifiyarku ta tambaye ni sau ɗaya. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago kai ba.

"Ni ma ba za ka gaya mini ba?"

"Ke ma."

"To ka ce mini kana bayansa, in sauka in gaya masa, a wuce wurin. Ko da ba haka aka yi ba."

"In ba haka aka yi ba, na yaudare shi. In haka aka yi, na tona sauran."

Ta ajiye farantin ta shiga ɗaki, ba ta yi mini magana ba sai washegari. Ɗan'uwanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya biya mata kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Kullum tana zuba abinci a kula ta sauka da cikinta ta ajiye masa a ƙofa, ta hawo ta zuba mini nawa. A duk shekarun da muka yi tare bayan nan ba ta sake tayar da maganar ba, ko a cikin faɗa, kuma kun san mahaifiyarku ba ta rasa abin faɗa idan ranta ya ɓaci.

Aka haifi Khalifa cikin wannan hali. Tun cikin yana ƙarami muka yanke cewa idan namiji ne sunan Yaya zai ci, kuma ban ga dalilin canjawa ba. Na sauka hawa na huɗu na ƙwanƙwasa, na gaya masa ta bayan ƙofa cewa an samu Abubakar. Ya ce Allah ya raya. Ranar suna an yanka rago a Funtuwa, mu kuma a nan mutane kaɗan doka ta yarda su shiga gida. Matar Nazifi da Barista Rifkatu suka yi girki. Na bar ƙofa a buɗe tun safe, duk sanda lif ya tsaya a hawanmu sai in miƙe. Bai hawo ba. Khalifa, abin da ya sa babu Kawunka a hotunan sunanka ke nan, ba wai yana asibiti ba kamar yadda aka gaya maka kana yaro.

Ƙungiya ba ta rushe ba. An ci gaba da kai wa mutane abinci har ƙofa har aka buɗe gari, kuma daga baya an sake amfani da ƙuri'a a wasu rigingimun, har bayan mun bar ƙasar. Amma tuwon Juma'a bai dawo ba, kuma babu wanda ya sake riƙe mutane yadda Kawunku ya riƙe su. Ya kammala karatunsa, ya kare aikinsa ta bidiyo, jirage suka fara tashi. Ranar da zai tafi ya hawo hawa na tara da safe. Ya karɓi jaririn daga hannun Hauwa, ya zauna da shi a bakin kujera ya yi masa doguwar addu'a, ya ja masa kumatu ya ce kan nan na gidansu ne. Ya yi wa ƙanwarsa nasiha a kan shan magani da cin abinci. Na ɗauki babbar jakarsa zuwa mota, bai hana ni ba. Ya ce sai mun haɗu a gida.

Ina so ku san wannan ma, don kada ku juya labarin ku mai da shi mugu. Malaman nan biyu sun samu ƙarin girmansu a kan lokaci, da sa hannunsa, kuma bai taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni kaɗai ya tambaya, don ni kaɗai yake ganin yana da hakki a kaina. Da muka dawo gida ba mu yi gaba ba. Kowace Babbar Sallah cinyar ragonsa tana zuwa gidan nan, ni kuma ina zuwa gaishe shi, mu zauna a falonsa mu yi maganar damina da tsadar taki da karatunku. Yana yi wa kowa tsiya har ya tsufa, ni ne kawai yake yi wa magana da ladabi.

Sallar ƙarshe da na je gaishe shi kafin rasuwarsa, da na tashi tafiya ya ce bari ya taka mini, abin da bai saba yi ba. Yana dogara sanda, muka fito a hankali har bakin mota. Na shiga, ya riƙe murfin ƙofar bai bari na rufe ba. Ya sunkuyo ya kira sunana. Na kashe motar ina jira, kuma ban san abin da zan ce ba idan ya sake yi mini tambayar nan ta hukunci, don na ga yadda jikinsa ya zama. Ya daɗe a haka.

"Tayarka ta baya ba ta da iska," ya ce. "Ka tsaya wajen mai faci kafin ka hau titi."

Na ce na gode, Yaya. Ya rufe mini ƙofar da kansa. Na tsaya wajen mai facin da ke kan kwanarsu, ya duba ya ce iskar ta yi ƙasa, ya ƙara mata.